Kama da Wane Ba Ta Wane: Shin Rimot Mai Jin Motsi Ya Kamo Wasan Gaske?

A watan Disamba na 2006, ko wata guda ba a cika ba da fitowar na'urar wasan bidiyo ta Wii a Amurka, kamfanin Nintendo na Japan ya sanar cewa zai musanya wa masu saye igiyoyi miliyan 3.2. 'Yar siririyar igiya ce da ake zargawa a wuyan hannu don kada rimot ɗin wasan ya suɓuce. Kaurinta milimita 0.6 ne, kamfanin ya mayar da shi milimita 1. Abin da ya jawo haka shi ne mutane sun ɗauki wasan da zafi fiye da yadda masu ƙera shi suka zata. Magidanci zai tsaya a tsakiyar falonsa yana buga tanis da wani ɗan mutum-mutumi a talabijin, ya taƙarƙare ya kai duka iya ƙarfinsa, tafin hannunsa ya yi gumi, igiya ta tsinke, rimot ya tashi sama ya fasa gilashin talabijin ko na taga.

Wannan ɓarnar ita ce shaida ta farko cewa an ƙirƙiro wani sabon abu. Tun da aka fara wasan bidiyo, galibi babban yatsa ne ke aiki, sauran jiki yana kan kujera. Sai ga wata na'ura da ta sa kafaɗa da ƙugu da gwiwa suka yarda cewa akwai ƙwallo a gabansu. Tallar da aka yi ta a kai kuwa ba ta da wuyar fahimta: yadda ka motsa hannunka, haka ɗan wasanka zai motsa nasa. An kusa shekara ashirin ana maimaita wannan alkawari, kowane kamfani da irin tasa fasahar, kuma lokaci ya yi da za a auna shi da abin da ya faru a zahiri.

Wasan da kaka ke cin jika

Ba Nintendo ne ya fara gwada dabarar ba. Kamfanin Mattel ya fitar da wata safar hannu mai suna Power Glove a 1989, ba ta yi aikin kirki ba, ba ta kuma daɗe a kasuwa ba. Sony ya zo da kyamarar EyeToy a 2003. Amma Wii ce ta shiga gidaje. An fara sayar da ita a Amurka ran 19 ga Nuwamba 2006, kuma a yawancin ƙasashe an haɗa ta da faifan Wii Sports kyauta, mai wasanni biyar: tanis, golf, besbol, damben zamani, da bolin, wato wasan nan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanya ta katako don a rushe sanduna 10 da aka jera a ƙarshenta. An sayar da Wii sama da miliyan 101, shi kuwa Wii Sports ya kusa miliyan 83.

Sirrin farin jininsa shi ne ba sai an koya maka ba. Duk wanda ya taɓa ganin ana buga tanis ya san yadda ake kai hannu. Gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Birtaniya sun shirya gasar bolin a tsakaninsu, har mai zama a keken guragu yana shiga. Iyali kan taru, kaka ta ci jikanta, a yi ta dariya.

To amma a duba abin da ake yi a wasan tanis ɗin da kyau. Ɗan wasan da ke talabijin shi ke kai kansa wajen ƙwallo, kai ba ruwanka da gudu. Ba kai ke zaɓar inda za ka tsaya ba. Inda ƙwallon zai nufa kuwa, galibi lokacin da ka kai hannu ne ke yanke shi: ka gaggauta ya tafi wannan kusurwa, ka jinkirta ya tafi waccan. Yara ne suka fara gano bakin zaren. Ba a jima ba suka lura cewa babu buƙatar tsayawa, babu buƙatar ɗaga hannu sama. Kana kishingiɗe a kan kujera, ka ɗan fizgi wuyan hannu, ƙwallo ya tafi da gudun da ya fi na mai taƙarƙarewa. Uban da ke zufa a tsaye sai ya ga ɗansa ya lallasa shi daga kwance.

Me rimot ɗin ke ji?

Dalilin yana cikin rimot ɗin. Abin da ke jin motsi a cikinsa wani ɗan mitsitsin ma'aunin fizga ne, ƙirar kamfanin Analog Devices, wanda bai kai girman farcen ƙaramin yatsa ba. A cikinsa akwai wani ɗan nauyi da aka sassaƙa daga silikon, yana rataye a kan wasu 'yan zaruruwa da ido ba ya gani. In aka fizgi rimot, nauyin sai ya ɗan goce, na'urar ta auna gocewar ta fuska uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Irinsa ne ke cikin wayar da ke aljihunka, shi ke juya hoto in ka kwantar da ita, shi ke ƙirga maka taku.

Wannan ma'auni fizga kawai ya sani, bai san wuri ba. In rimot yana ajiye, nauyin da ƙasa ke janyowa yana gaya masa ta ina aka karkata shi. Da zarar an fara wulwula shi, jan ƙasa da fizgar hannu sai su cakuɗe, ya kasa rarrabe su. A lissafi ana iya gano inda abu ya kai daga fizgarsa, amma kowane ɗan kuskure yana hawa kan na bayansa, cikin 'yan daƙiƙoƙi lissafin ya ɓace gaba ɗaya. Ga kuma iyaka: ma'aunin yana cika ne a wajen ninki 3 na jan ƙasa. Dukan tanis na gaske ya wuce haka nesa ba kusa ba. Saboda haka dukan ƙato da fizgar yaro duk suna kai ma'aunin ƙarshensa, a wajensa ɗaya suke.

Akwai 'yar kyamara a bakin rimot ɗin da ke kallon wata sanda da ake ɗorawa a kan talabijin. Sandar ba ta jin komai, fitilu ne kawai a cikinta masu hasken da idon mutum ba ya gani, shi ya sa masu ƙwaƙƙwafi suka gano cewa kyandir biyu ma suna iya maye gurbinta. Amfanin kyamarar shi ne nuni, kuma sai bakin rimot yana fuskantar talabijin take aiki. Mai kai dukan tanis ko golf kuwa ba ya fuskantar da shi can.

Abin da wasan ke yi ke nan: ya ji an yi fizga, ya kintata wace iri ce daga cikin 'yan kalolin da aka koya masa, sai ya nuna maka motsin da aka riga aka zana. Hannunka yana ba da umarni ne, kamar yadda yatsa ke danna maɓalli. Ba a kwafe motsinsa ba.

Gasar kamfanoni uku

Nintendo ya san da wannan giɓi. A tsakiyar 2009 ya fitar da MotionPlus, wani ɗan ƙari da ake maƙalawa a gindin rimot, mai ɗauke da ma'aunin juyi. Wannan yana auna yadda hannu ke murɗawa da saurin murɗawar. Bambancin ya fito fili a Wii Sports Resort da ya zo tare da shi. A ƙwallon tebur, in ka karkata fuskar farantin bugu ƙwallon zai ɗauki juyi. A wasan takobi, takobin yana bin hannunka. Wasan golf na Tiger Woods PGA Tour 10 ya fara gane ko fuskar sandarka a buɗe take ko a rufe lokacin duka, abin da ke sa ƙwallo ya lanƙwasa dama ko hagu a filin gaske. Sai dai shi ma ma'aunin juyi yana ɓacewa a hankali, don haka wasan kan dakatar da kai lokaci zuwa lokaci ya ce ka kife rimot a kan tebur ya dawo hayyacinsa.

A Satumba 2010 Sony ya kawo PlayStation Move, sanda mai ƙwallo mai haske a kanta. Kyamara tana bin hasken, kuma daga girman ƙwallon a hoto take gane nisansa: in ya ƙara girma ka matso, in ya ragu ka ja baya. Ta haka na'urar gida ta san inda hannu yake a cikin ɗaki, ba yadda ya karkata kawai ba.

Bayan wata biyu Microsoft ya fito da Kinect, wadda ta ce a ajiye rimot ɗin ma baki ɗaya. Da fasahar kamfanin PrimeSense na Isra'ila, tana watsa dubban ɗigogin haske marasa ganuwa a cikin ɗaki, ta duba yadda suka faɗa a jikin mutum, ta zana masa ƙwarangwal mai gaɓoɓi 20. An sayar da miliyan 8 cikin kwana 60 na farko, har ta shiga kundin Guinness. Ta ga ƙafa, ta ga tsalle, ta ga sunkuyo, abubuwan da rimot bai taɓa gani ba. Amma ba ta ganin yatsu, ba ta ganin murɗawar wuyan hannu, alhali a nan gwanintar mai raket take. Kuma hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa. Ƙwallon tanis da gwani ya buga da gudun kilomita 200 a sa'a yana cin kusan mita 2 tsakanin hoto ɗaya da na gaba. Microsoft ya daina ƙera Kinect a Oktoba 2017.

Abin da hannu ba ya ji

Ko da an gyara duk waɗannan, ko da na'ura ta san inda kowane yatsa yake, akwai matsalar da ta fi su girma, kuma a ganina ita ce gundarin maganar. Na'urar tana sauraron jikinka, amma ba ta iya ture shi. Wasa kuwa turereniya ce tsakanin jiki da wani abu mai nauyi.

Raket ɗin tanis yana kai giram 300, ƙwallon kuma giram 56 zuwa 59. Haɗuwarsu ba ta wuce kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa, amma a cikin wannan ɗan ƙyaftawar hannu yana karɓar labari mai yawa. In ƙwallo ya sauka a tsakiyar zaren, dukan yana fita sumul, kamar ba ka taɓa komai ba. In ya sauka a gefe, raket ɗin yana neman murɗewa a tafinka, girgizar ta bi ta gwiwar hannu har kafaɗa. Da wannan ɗan wasa ke koyo. Kafin idonsa ya ga inda ƙwallo ya faɗa, hannunsa ya riga ya gaya masa ya yi daidai ko ya kuskure, kuma bayan dubban duka jikin yana gyara kansa ba tare da ya yi tunani ba. Rimot yana da ɗan injin da ke kakkarwa da 'yar lasifika da ke cewa ƙwas, amma kakkarwar iri ɗaya ce ko ka buga da kyau ko ka buga da baki. Sai ka kalli talabijin kafin ka san abin da ka yi. Sannan filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, kuma masu horarwa kullum suna nanata cewa da ƙafa ake buga tanis. Wanda bai isa wajen ƙwallo a kan lokaci da daidaiton jiki ba, kyawun hannunsa ba zai amfane shi ba. Wannan rabin wasan an cire shi tun daga farko, don falo ba fili ba ne.

A bolin ma haka. Mutane da yawa suna ganin shi ne ya fi kama da na gaske a cikin wasanni biyar ɗin, kuma suna da hujja: hannu yana tafiya baya ya dawo gaba, ka saki maɓalli a lokacin da za ka saki ƙwallo, in ka murɗa hannu ƙwallon ya lanƙwasa. Amma ƙwallon gaske yana kai kilo 7.26. Nauyinsa ne ke jan hannu kamar lilo, shi ke tilasta maka ka daidaita takunka da shi, shi ke gajiyar da yatsu har jifa na ƙarshe ya bambanta da na farko. Hanyar katakon kuma, mai tsawon kusan mita 18, ana shafa mata mai, kuma man yana gogewa yana yaɗuwa yayin da ake wasa, ta yadda jifan da ya rushe duka goma ɗazu ba lallai ya rushe su yanzu ba. Gwanaye suna karanta man ne suna sauya wurin tsayuwa. A talabijin hanya ba ta canzawa. Ka gano wurin tsayuwa da irin murɗawar da ke aiki, ka yi ta maimaitawa.

Dambe ne ya fi tona asirin abin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ya ga 'yan damben gargajiya sun ja daga, ya san kai naushi shi ne ƙaramin ɓangare na sana'ar. Babban ɓangaren shi ne sanin cewa wancan ma ya naɗe hannu, kuma in ka yi sakaci ƙasa za ka sha. Wannan sanin ne ke koya wa mutum tazara, da kare kai, da haƙurin jiran dama. 'Yan damben zamani suna naushin iska a wajen atisaye, kuma yana da amfani wajen saba wa jiki da motsi, amma babu kocin da zai tura yaronsa cikin zobe da naushin iska kaɗai. Damben rimot naushin iska ne daga farko har ƙarshe. Ba ka jin saukar naushinka, ba ka jin na abokin karawa. Hannun da ya tafi da ƙarfi bai tarar da komai ba kuwa, gaɓoɓinsa ne ke tsayar da shi. A 2007 wani matashin likita a Sifaniya, Julio Bonis, ya rubuta wa mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine labarin ciwon kafaɗar da ya tashi da shi bayan ya shafe sa'o'i yana tanis a Wii. Abin lura a bayaninsa shi ne a filin gaske gajiya za ta tsayar da mutum tun kafin ya yi wa jijiya ɗaya irin wannan lodi.

Ƙwallon ƙafa ba sai an tsawaita ba. Kinect Sports ya bar ka a tsaye kana harba iska ta inda kake son ƙwallo ya bi. Nintendo Switch Sports na 2022 ya zo da maɗauri da ake ɗaura rimot a cinya. Ɗan ƙwallon gaske yana cin wajen kilomita 10 a wasa ɗaya, ana bangazarsa yana bangaza. Samarin da ke cika gidajen gem a garuruwanmu suna buga FIFA ko PES da maɓallai ba sa cewa abin yana mayar da su 'yan ƙwallo, kuma babu wanda ya yi musu wannan alkawari. Wasan motsi ne ya yi shi, don haka shi ya kamata a tuhuma.

Sun san abin da suke yi

Adalci ne a faɗi cewa masu ƙera waɗannan wasanni ba gazawa kawai suka yi ba, zaɓi suka yi. Wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba, in aka kai shi fili, zai iya kai duka sau da yawa bai ko taɓa ƙwallon ba. Sabon shiga tanis da ƙyar yake mayar da ƙwallo sau uku a jere. In da wasan ya kwaikwayi wannan da gaskiya, da kaka ba ta ci jika ba, da kuma an mayar da na'urar kwali tun ranar farko. Don haka ake tallafa wa ɗan wasa a ɓoye: a faɗaɗa lokacin da duka zai yi daidai, a ɗan jawo ƙwallon da zai fita waje ya faɗo cikin layi. Ƙwallon tebur na Sports Champions a PlayStation Move ya nuna wannan a sarari, domin tallafin yana raguwa ne yayin da ka hau mataki, kuma a mataki na sama mutane kan tarar cewa ba su iya ba kamar yadda suka ɗauka.

Ban ga laifi a wannan ba muddin an kira abin da sunansa. Nishaɗi ne mai kyau, ya tara iyalai a wuri ɗaya, ya ta da mutanen da ba su taɓa sha'awar wasan bidiyo ba. Inda nake da ja shi ne lokacin da aka fara sayar wa iyaye shi a matsayin maganin zaman yara.

Gumin da aka auna

Masu bincike ba su bar maganar a kan zato ba. A Disamba 2007 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga aikin wasu masana na Jami'ar John Moores da ke Liverpool. Sun auna ƙarfin da yara 11, 'yan shekara 13 zuwa 15, ke ƙonawa suna bolin da tanis da dambe a Wii, suka gwada da na wasan tseren mota da ake yi a zaune. Wasan motsi ya fi na zaune da sama da rabi. Amma bai kai ainihin wasannin ba, kuma masanan suka ce ƙarfinsa bai isa a lissafa shi cikin motsa jikin da ake so yaro ya yi kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 60 a rana na motsa jiki mai sa haki ga 'yan shekara 5 zuwa 17.

Binciken da ya fi ba ni tunani shi ne na Tom Baranowski da abokan aikinsa a Houston, wanda mujallar Pediatrics ta buga a 2012. An raba wa yara 'yan shekara 9 zuwa 12 na'urar Wii su tafi da ita gida. Wasu aka ba su wasannin motsi, wasu na zaune, aka ɗaura musu ma'aunin motsi a ƙugu, aka bi su kimanin wata uku. Ba a ga wani bambanci ba tsakanin rukunonin biyu. A ɗakin gwaji, inda malami ke tsaye a kansa, yaro yana tsalle. A gida shi da kansa yake, kuma yana iya samo hanya mafi sauƙi ko ya rage wani motsin a madadin wannan.

Asibitoci ma sun rungumi Wii wajen gashin masu shanyewar ɓarin jiki. A 2016 mujallar Lancet Neurology ta buga gwajin da Gustavo Saposnik ya jagoranta a kan majiyyata 141 a ƙasashe huɗu. Rabi sun ƙara da Wii a kan gashin da aka saba, rabi sun ƙara da wasanni masu arha irin su karta da jefa ƙwallo. Duka sun samu sauƙi, kuma Wii ba ta fi ba. Wannan labari ne mai daɗi ga asibitin da ba shi da kuɗin na'ura, domin ya nuna cewa wasanni masu arha ma suna iya yin abin da Wii ke yi.

Inda abin ya ci

Akwai wasa ɗaya da kwaikwayon ya kusa kamo gaskiya, kuma dalilin yana ƙarfafa duk abin da aka faɗa a baya. Ƙwallon tebur nauyinsa giram 2.7 ne kacal. Ko a teburin gaske, hannu ɗan taɓi kawai yake ji idan ya buge shi, don haka 'yar kakkarwar rimot ta isa ta tsaya a madadinsa. Farantin bugun bai fi rimot nauyi sosai ba. Teburin mita 2.74 ne, ɗan wasa ba ya nisa da shi, ɗaki matsakaici ya wadatar. Da aka samu tabaran nan da ake rufe ido da su mutum ya ga kansa a cikin wata duniya, irin su HTC Vive da Meta Quest, waɗanda ke haɗa kyamarori da ma'aunan fizga da juyi su san wurin hannu da karkatarsa a lokaci guda, sai wasa irin Eleven Table Tennis ya zama abin da 'yan wasan gaske ke ɗauka da muhimmanci. Wasu har mariƙi suke saye mai siffar faranti su maƙala rimot a ciki.

A 2019 masu bincike a Jami'ar Kudancin Ostareliya sun gwada mutum 57. Rukuni ɗaya ya yi atisaye na 'yan sa'o'i a cikin tabaran, ɗayan bai yi komai ba, sannan aka auna su a teburin gaske. Waɗanda suka yi atisayen sun fi ci gaba. A lura dai da abin da aka gwada: an nuna tabaran sun fi zama haka nan, ba a nuna sun kai tebur ba.

Sauran wuraren da aka yi nasara, duk hanya ɗaya suka bi: sun mayar da kayan wasan gaske hannun ɗan wasa, suka bar wa kwamfuta fili kawai. A ɗakunan golf na allo da suka cika biranen Koriya ta Kudu, sanda ta gaske ce, ƙwallo na gaske ne, ana buga shi ya daki labule, na'ura ta auna gudunsa da juyinsa ta ƙarasa tafiyarsa a hoto. Manyan 'yan golf suna atisaye da na'urar TrackMan ta ƙasar Denmak mai aiki da rada. A Janairu 2025 Tiger Woods da Rory McIlroy suka buɗe gasar TGL a Florida, inda ƙwararru ke buga dogon duka daga kan ciyawa da yashi na gaske zuwa wani makeken allo. A tseren keke, manhajar Zwift tana haɗuwa da keken gaske da aka ɗora a kan injin da ke ƙara tauri in hanya ta hau tudu. Ɗan Ostareliya Jay Vine ya samu kwantiragin ƙwararru ne ta gasar Zwift a 2020, kuma a 2022 ya ci zango biyu a babban tseren Vuelta na Sifaniya. Ƙafarsa ta tura nauyi na gaske, huhunsa ya yi aiki na gaske, don haka abin da ya gina a ɗaki ya bi shi kan titi.

In kuwa aka cire taɓi, wani wasan daban ake samu. A Yuni 2023 Kwamitin Olamfik na Duniya ya shirya gasar wasannin kwamfuta a Singafo, ciki har da taikwando na kwaikwayo: an ɗaura wa 'yan wasa na'urori a jiki, kowa yana harbin iska a gefensa, mutum-mutuminsu suna faɗa a allo. Maza da mata, manya da yara, duk rukuni ɗaya. Matasa biyu 'yan Singafo ne suka kai wasan ƙarshe. Wu Jingyu ta Sin, wadda ta ci zinare a Olamfik na 2008 da na 2012, ta uku ta zo. Gasa ce ta gaske mai buƙatar sauri da numfashi, kuma waɗanda suka ci sun cancanta. Amma sakamakon da kansa ya nuna ba taikwandon da Wu ta ci zinare da shi ake yi ba.

Ga mai niyyar saye

Har yanzu ana sayar da irin waɗannan na'urori, sababbi da na hannu, kuma suna shigowa kasuwanninmu. Wanda ke son abin da zai haɗa shi da 'ya'yansa da daddare, ko abin da zai sa dattijon da ba ya iya fita ya ɗan motsa hannu, ya saya, ba zai yi nadama ba. A zarga igiyar a hannu, a matsar da tebur da ƙananan yara, a kuma huta in kafaɗa ta fara magana.

Wanda kuwa burinsa ɗansa ya iya wasa, ko ya samu lafiyar da wasa ke bayarwa, kada ya bari talla ta ruɗe shi. Aruna Quadri, ɗan Najeriyar da ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon tebur na Olamfik a Rio a 2016, a kan tebur ya koya. Kuɗin tabarau ɗaya zai sa kafinta ya haɗa tebur, a sayi raga da faranti da ƙwallaye, yaran layi guda su yi shekaru suna amfana, ko da wuta ko babu. Iyaye da shugabannin makarantu, in kuɗin ɗaya ne kuma zaɓin ɗaya ne, a sayi teburin.